Cokalin da ke Manne da Mangwaron Mai Kemis

Cokalin farko da tsohon direban motar kashe gobara ya sassaƙa ya kammalu ranar Talata, amma har yanzu bai shiga kicin ba. Yana can sama da katanga, manne da reshen mangwaron maƙwabcinsa mai kemis, wanda ya ce ba za a yanke shi ba.

Direba, kamar yadda mutanen layin ke kiransa, ya fara sassaƙa ne bayan ya yi ritaya bara. Ya sayi 'yar wuƙa mai jar ƙota da dutsen wasawa. Muciyar gidan ya fara kamawa, da niyyar mai da ita cokali. Ya rage gefen dama, sai hagu ya fi kauri. Ya rage hagu, sai dama ya fi. Kafin la'asar muciya ta koma tsinken sakace. Sandar goge ɗaki ta bi sahu, sannan ƙafar kujerar tsakar gida.

A kan kujerar ne matarsa ta kafa doka.

"Baban yara, kafin wata ya ƙare ka kawo mini abu ɗaya da za a yi amfani da shi a gidan nan. In babu, wuƙar nan ta koma yankan albasa."

Direba ya kai kukansa wurin kafintan bakin titi. Kafinta ya juya tsinken sakacen a hannu, ya tambaya ko mene ne wannan a da.

"Muciya ce."

"Allah ya jiƙanta," in ji kafinta. "Busasshen katako ba na ɗan koyo ba ne. Nemi ɗanye. Iya ɗanyensa, iya laushinsa."

Mafi ɗanyen itace a layin shi ne mangwaron Mai Kemis, wanda babban reshensa ya tsallako gidan Direba. Tun da daɗewa akwai alkawari tsakaninsu: duk abin da ya faɗo gidan Direba nasa ne, shi kuma ba zai yanke reshe ba. Direba mutum ne mai cika alkawari. Don haka ya jingina tsani, ya zaɓi wani guntun reshe da iska ta karye wa kai, ya shiga sassaƙa shi a inda yake.

Wannan karon aiki ya yi kyau. A kan tsani ƙafa takan gaji kafin hannu ya ɓata abu. Cokalin ya fito da baki mai zurfi da wuya siriri, ƙotarsa kuwa ta zarce cikin bishiya.

Matarsa ta ɗaga kai ta dube shi daga ƙasa.

"Cokali ai abin da ake cin abinci da shi ne."

Direba ya zuba shinkafa a kwano ya hau tsani. Tunda cokalin ba ya zuwa wurin abinci, sai ya kai masa abincin. Ya ɗaga kwano har bakin cokalin ya nutse, ya sauke kwano, sannan ya miƙa wuya. Loma biyu ya samu. A ta uku iska ta kaɗa reshe, shinkafar ta zube wa kajin Mai Kemis.

"Yana aiki," in ji Direba daga sama.

"Ni kuma in zan ɗanɗana miya sai in hau tsani da tukunya?"

"Ba kullum ake iska ba, Maman yara."

Ta ce sai ranar da ta wanke shi a roba ɗaya da sauran cokula za ta lissafa shi.

Hayaniyar kaji ce ta fito da Mai Kemis. Ya tsaya ta ɓangarensa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Maƙwabci, me ka yi wa bishiyata?"

"Ban yanke komai ba."

"Na gani. Shi ya sa ban san faɗan da zan yi ba."

Direba ya roƙi alfarmar yanka ɗaya kawai, daidai gindin ƙota. Mai Kemis ya ce in ya yarda yau, gobe gangar jikin za ta koma turmi.

"Alkawari yana nan. Abin da ya faɗo naka ne. In cokalin ya nuna ya faɗo, ɗauki abinka."

Tun daga ranar nan Direba ya ajiye kwando a ƙarƙashin reshen, ya sa tsumma a ciki. Yakan zauna kusa da safe. Kafinta ya zo ya duba, ya yaba aikin, ya kuma nuna masa wani ƙaramin toho da ya fito a bayan ƙota, alamar cewa cokalin yana cikin ƙoshin lafiya kuma ba shi da niyyar saukowa.

Jiya ma'aikatan wutar lantarki suka bi layin, suka shafa jan fenti a babban reshen saboda yana taɓa waya. Sun ce za su dawo da zarto. Ba su faɗi rana ba, kuma da maƙwabtan biyu suka tambaye su ta wane gefen katanga reshen zai faɗi, sun ce ya danganta da inda motarsu ta sami wurin tsayawa. Wata zai ƙare ranar Asabar.