Abin da Merv Ya Cusa a Aljihun Col

Yayata Glenys ba ta kama mijinta da tikitin caca ba, ba ta kuma ga wani abu ya ɓace a gida ba. Bakinsa ne ya canza. Shekara uku ke nan da Col Treloar ya rantse mata ya bar cacar sukuwa, bayan ta gaya masa in ya sake, za ta koma Newcastle wurin 'yarsu, ba kuma za ta dawo ba. Tun daga nan maganarsa ta koma irin ta kowa. Sai ga shi kwanan baya ya kira motar maƙwabcinsu jaki, sunan da 'yan caca ke ba dokin da ba ya taɓuka komai. Ran Lahadi kuma, da ya ajiye gasasshen naman rago a tebur, ya ce nauyi ya cika, shelar da ake yi bayan an auna mahayin da ya ci, kafin a biya kowa.

Ta ce in bi shi sukuwar garinmu ran Asabar, wadda ya ce kallo kawai zai je yi. Na ce mata ba a kama mutum da kalma biyu. Ta ce ni dai in je in buɗe ido, in dawo in faɗa mata abin da na gani.

Muka isa da hantsi, ga zafi ga ƙudaje. Masu jaka, wato masu karɓar caca, sun jeru ƙarƙashin lema, kowa da allon farashinsa. Col ko kallon wajen bai yi ba. Ya sayo mana tsire a cikin biredi, muka jingina da shingen fili. Tsere uku suka wuce ban ga komai ba, har na fara jin kunyar kaina.

Sai ga Merv Duggan, tsohon mai askin tumaki, abokin Col na zamanin da.

"A'a, waliyyi ne da kansa? Uwargida ta kwance igiya?"

"Ta haɗo ni da ɗan sanda," in ji Col, yana nuna ni da haɓa.

"Wannan? Ai ko jela da kai ba zai bambance ba."

Suka shiga hira da yarensu, ni ina tsintar abin da na iya. Merv ya ce doki mai lamba biyu tabbas ne. Col ya ce tabbas ɗin da ya kwana uku yana tari, a nemi lamba bakwai, akwai labarin sirri daga barga a kansa. Merv ya tambaya nawa zai zuba, Col ya ce ai aljihun Merv ne, shi ba ruwansa. Amma na ga ya sosa kunne da yatsa biyu. Ko ƙaiƙayi ne, ko alama, ban sani ba. Merv ya nufi masu jaka, ba a jima ba farashin lamba bakwai ya faɗi a alluna, alamar an zuba kuɗi da yawa a kansa.

Da aka saki dawakai kowa ya kama ihu, har waɗanda ba su zuba ko sisi ba. Col shiru. Ya riƙe shinge da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta tashi. Lamba bakwai ya shigo na farko da tazarar wuya, Col bai motsa ba sai da aka yi shelar nauyi, sannan ya saki numfashi. Merv ya dawo yana dariya, ya cusa masa takardun kuɗi a naɗe cikin aljihun riga.

A mota na tambaye shi. Ya ce tukwici ne, duk wanda ka nuna wa doki ya ci yakan ba ka wani abu, haka ake yi tun kafin a haife ni. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa wanda ba ya son a gan shi gaban masu jaka yakan nemi ɗan aike ya zuba masa. Na ce da dokin ya faɗi, asarar wa za ta zama?

"Ka gan ni na zuba?"

"Ban gani ba."

"To faɗa mata haka, ƙanina. Ba ƙarya na ce ka yi ba."

Duk tsawon hanya ina juya abin. In na faɗi wannan kaɗai, na yi ƙarya da kalmomin gaskiya. In na ƙara da riƙon shinge da sosa kunne, na rushe gidan mutum da zato. Mai ba da shawara ma zuciyarsa kan buga, don sunansa ne a kan dokin.

Muka tarar da Glenys tana kwashe shanya. Col ya wuce ciki wai zai watsa ruwa. Na ce mata bai je kusa da masu jaka ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da ninke zanen gado, ba ta dube ni ba.

"Merv yana wurin?"

"Yana nan, Yaya."

"Ya sa masa hannu a aljihu?"

Na ce ya sa, amma Col ya ce tukwici ne, kuma ni ba zan iya rantsuwa a kan akasin haka ba. Ta ce lokacin da suka rasa gonar mahaifinsa ma duk tukwici ne. Ta tambaye ni ko ya yi ihu da dokin ya shigo. Na ce bai yi ba. Ta ce da ma in kuɗinsa na kan doki ba ya ihu.

Ran Litinin ni na kai ta tashar jirgin ƙasa a Dubbo. Col ya fito mata da akwati da kansa, ya sa a bayan mota, yana ta maimaita cewa ko sisinsa bai shiga jakar kowa ba. Bayan mako biyu na haɗu da Merv a kantin kayan gona, na roƙe shi ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce tukwici ne. Abin da ɗan aike zai ce ke nan, abin da mai gaskiya ma zai ce ke nan.