Kumatu Ba Ta Tauna

Watan Kumatu ashirin a duniya, haƙoranta goma sha shida reras, amma ko ɗaya bai taɓa yin aikin da aka halicce shi dominsa ba. In an sa mata abinci a baki, ko dai ta haɗiye shi yadda ya shigo, ko ta ajiye shi a kumatu har la'asar, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Ranar da yankan ayaba ya maƙale mata a wuya har idonta ya juye, ubanta ne ya kifa ta a cinya ya bubbuga bayanta ya fito. Ɗan kwana-kwana ne, shekara goma sha biyu yana ciro mutane daga cikin wuta bai taɓa razana ba. Ran nan kuwa sai da ya zauna dirshan a ƙasa.

A asibiti nas ta ɗora ta a sikeli, ta taɓe baki.

"Ba ta ƙara komai ba tun wancan watan. In kun dawo bayan sati biyu haka take, kwantar da ita za mu yi. Ba magani take buƙata ba. Yaro da ido yake koyon tauna. Ku zauna a gabanta ku ci, ta gani."

Uban ya ce ai wannan mai sauƙi ne.

Suna komawa gida aka zaunar da Kumatu a tsakar ɗaki kamar alƙali. Ya ɗauki cokali. Kafin matarsa ta gama zuba wa kanta shinkafa, farantinsa ya yi fes.

"Baban Kumatu, ina taunar?"

"Na tauna mana."

"Wallahi ban ga bakinka ya motsa ba. Maƙogwaronka kawai na gani yana hawa yana sauka."

Da gaskiyarta. A wurin aikinsu ba wanda ya san lokacin da ƙararrawa za ta kaɗa, duk wanda ya tsaya tauna da yunwa zai hau mota. Ya daɗe yana haɗiya har ya manta akwai wata hanyar.

"To ke gwada mana, tunda kin iya."

Ita kuma ashe tunda ta haihu ba ta ci abinci a zaune ba. A tsaye take ci a kicin, ta juya wa ƙofa baya. Da aka zuba mata ido sai kunya ta kama ta, ta sa hannu ta rufe baki. Aka kira kakan yarinyar. Tsohon ya zo da ƙwarin gwiwa, ya zauna, ya yi bisimilla, sannan ya zare haƙoran robansa ya naɗe a hankici ya cusa a aljihu.

"Baba, mene ne haka kuma?"

"Ba na cin abinci da su, lalacewa suke yi. Na shiga jama'a ne."

Gida guda, manya uku, ba mai tauna ko ɗaya.

Kwana huɗu uban yana gwadawa a gaban madubi. Sai ya ƙirga ɗaya, biyu, ya buɗe baki ya tarar loma ta wuce ko sallama babu. Rana ta biyar ya fito ƙofar gida ransa a jagule, ya ga akuyar maƙwabcinsu tela kwance a inuwa tana tuƙa. A hankali, ba gaggawa, muƙamuƙinta na zagayawa kamar dutsen niƙa. Bai taɓa ganin ƙwararriya irinta ba.

"Maƙwabci, ara mini akuyarka."

Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. "Yanka ko kiwo?"

"Koyarwa."

Safe da yamma sai a shigo da malama falo, a zube mata ganyen kabeji, a zaunar da ɗaliba a gabanta da gutsuren burodi. Kumatu ta ƙura mata ido. A rana ta uku haɓarta ta motsa. Ba sama da ƙasa ba, a'a, gefe da gefe, sak irin na malamarta. Ta tauna burodin, ta tauna gefen labule, ta fara kan katin asibiti kafin a ƙwace. Uwar ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Uban ma ya yi dariyar, amma abin ya sosa masa rai. Kishin akuya ya ji, kishi na gaske. 'Yarsa ta fari, kuma abin da zai tsare mata rai a wurin dabbar maƙwabci ta koya, don ubanta bai taɓa zama a gabanta ya wuce minti biyu ba.

Ranar komawa asibiti sikeli ya ɗaga. Nas ta ce madalla, babu batun kwanciya. Ta miƙa wa Kumatu biskit, ta tsaya tana kallo.

"Ikon Allah. Wa ya koya mata a karkace haka?"

Miji da mata suka kalli bango.

Suka fito suka zauna a benci suna jiran mota. Uban ya sayi burodi, ya gutsura wa Kumatu, ya jefa nasa a baki. Har maƙogwaronsa ya shirya, sai Kumatu ta miƙe tsaye a cinyarsa, ta kama haɓarsa da hannu biyu, ta ɓata fuska. Ta tura hagu. Ta ja dama. Ta sake turawa, tana nuna masa da nata bakin.

Ya bi ta. Can sai ya ji wani zaƙi-zaƙi a kan harshensa, wanda bai san burodi yana da shi ba. Idonsa ya ciko da ƙwalla. Mutanen benci na kallonsa, ƙaton mutum yana tuƙa, bai damu ba. Motarsu ta zo ta cika ta tafi, shi yana nan yana tauna loma ɗaya, don ba ta sake shi ba tukuna.