Ranar da Ajina Ya Ɗaga Hannun Hagu

A garinmu Tamsalt, a wancan zamanin, ba a kiran sunan Faraji ɗan Yamna sai an waiwaya. Ko mahaifiyata, wadda take kashe kunama da tafin ƙafa, in za ta ambace shi sai ta tura ƙofa tukuna, sannan ta ce "mutumin nan na bakin magudana." Ɗan mai hawan dabino ne, mai waƙa. Shi ya tara mu baƙaƙen gari, mu da iyayenmu ke noma gonar wasu a ba su ɗaya cikin biyar, ya ce ruwan magudanar da ke shayar da gonaki namu ne mu ma, makabarta ta zama ɗaya, makaranta ta zama ɗaya. Ya ja jama'a har ƙofar hukuma, ba sanda ba dutse. Makarantar dai an buɗe mana. Shi kuwa wata mota ce ta tsaya ranar kasuwa, aka ce ya shigo a yi magana, har yau ba a gama maganar ba.

Ni Rkiya ina cikin yaran farko da suka shiga, kuma ga ni na dawo makarantar ina koyar da Larabci. Na san abin da ba a faɗa a aji, kuma na kama bakina, don ina da tsohuwa a gida da ɗa ƙarami. Wani ɗalibina Lahsen ne ya ja ni, yaro mai baki kamar reza. Muna tsakiyar darasin mawaƙan da suka mutu tun kafin a gina ganuwar garinmu sai ya ce, "Ustaza, wai mu garinmu bai taɓa haifar mawaƙi ba? Daga dabino sai jakuna?"

"Ai ga ka nan, jakin da ya iya tambaya," in ji wata daga baya.

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Rabin yaran nan jikokin masu hawan dabino ne, suna zaune kan bencin da wani ya biya da ransa, ko sunansa ba su sani ba. Ina da zuciya, kowa ya san ni da ita. Na je na rufe taga, na dawo na gaya musu wane ne Faraji.

Daga nan ya zama kowace Alhamis, ƙarshen darasi. Ban taɓa sa alli a allo ba, da baki kawai. Na ba su labarin yadda ya kwana a bakin makabarta da gawar maƙwabcinsa har aka bari a binne ta a ciki. Na koya musu baitinsa da tsofaffi ke yi ƙasa-ƙasa: "Ruwan da na haƙa wa hanya, ya wuce ƙofata bai gaishe ni ba." Yaran da nake fama da su kafin su riƙe layi ɗaya na littafi, wannan sau ɗaya suka ji ya zauna.

Tsoro ya fara kama ni ne ranar da Hniya ta tsaya bayan an tashi. Yarinya ce mai shiru, kusa da taga take zama. Ta ce, "Ustaza, na yi wa kakata baitin nan. Ta ce ƙaninta ne. Ta yi ta kuka, ta ce in na sake za ta fasa min baki."

Ba a daɗe ba, ina kasuwa ina zaɓen na'ana'a, sai ga wani yaro da ban ma sani ba ya wuce kan jaki yana rera baitin da ƙarfi. Mai na'ana'ar ya kalle ni, ya kau da kai. Tun daga ranar, in na ji ƙarar mota a layinmu sai in tashi in leƙa. Na daina darasin Alhamis, amma ina amfani, abu ya riga ya fita.

Sai shugaban makaranta, Si Bushaib, ya tara mu ya ce sufeto na tafe, kowa ya shirya ajinsa. Shirin kuwa sananne ne, haka aka yi mana muna yara, haka muke yi. In sufeto ya yi tambaya, ba a yarda ko hannu ɗaya ya zauna a ƙasa ba. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, malami ya zaɓi mai dama, sufeto ya ga aji cike da masana, ya sha shayinsa ya tafi. Si Bushaib da kansa ya shigo ajina da tsumagiya ya maimaita musu.

"Kai Lahsen, ina damarka?"

"Ga ta, Sidi."

"Wannan hagu ce, ɗan banza! Da wanne kake cin abinci?"

"Da duk wanda ya riga kaiwa kwano, Sidi."

Har Si Bushaib sai da ya yi dariya. Ya ce duk wanda hannunsa ya zauna a ƙasa ranar, shi da shi ne.

Sufeton, Si Dris, mun san shi, tsohon malami ne mai tumbi da son shayi mai sukari. Amma ranar ba shi kaɗai ya shigo ba. Bayansa akwai wani siriri cikin kwat mai ruwan toka, ba wanda ya faɗi sunansa. Si Bushaib na biye da su yana share gumi alhali da sanyi. Ta taga na hango mota a gindin bangon makaranta, da mutum a ciki bai fito ba. Allin da ke hannuna ya karye.

Si Dris ya yi tambayoyinsa na nahawu, hannuwa suka yi ta tashi, ina zaɓen masu dama. Na fara cewa a raina ko Allah ya rufa asiri. Sai siririn ya taso daga bango, ya tsaya gaban allo. Muryarsa da taushi, har da murmushi.

"'Ya'yana, ni tambayata ɗaya ce, mai sauƙi. Wa ya taɓa jin wani mawaƙi Faraji?"

Na roƙi Allah kada kowa ya motsa. Na ga Lahsen ya kalle ni, ya kalli tsumagiyar Si Bushaib, sannan a hankali ya ɗaga hannu. Na kusa da shi ya bi. Kafin in ja numfashi duk ajin hannu a sama.

Hagu ce. Duka hagu, ba dama ko ɗaya. Yaran nan kare ni suke yi, suna rantse wa baƙon ba su san komai ba, ta hanyar da muka koya musu. Shi kuwa abin da ya gani aji guda ne ya ce ya sani.

"Masha Allah, Si Bushaib," in ji shi. "Makarantarka akwai ilimi."

Si Bushaib ya buɗe baki. "Sidi, ai hagu…"

"Hagu me?"

Si Bushaib ya kalli sufeto. "Babu komai, Sidi."

Si Dris ya gane sarai, shi ma ya yi wannan shirin a ajinsa shekara da shekaru. Ya kalli hannuwan, ya kalle ni, ya mai da idonsa kan takalminsa. Har yau in na tuna wannan sunkuyawar sai zuciyata ta tafasa.

Baƙon ya bi tsakanin bencuna a hankali, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Hniya. Ashe ya san inda za shi tun kafin ya shigo.

"Ke 'yata, wa ya ba ki labarinsa?"

"Ban san shi ba, Sidi."

"To me hannunki yake yi a sama?"

Ta kalle ni.

"Kada ki ji tsoro. In ba a makaranta kika ji ba, to a gida ne. Kakarki Lalla Mas'uda tana nan? Tana iya takawa da ƙafarta, ko sai an ɗauko ta?"

Na tuna ɗana, na tuna tsohuwata da ba ta iya ɗebo ruwa. Wallahi na so in yi shiru. Amma hawaye ya riga ya zubo wa yarinyar, kuma na san tsohuwar ba za ta kai ko ƙofar gari da rai a cikin motar nan ba.

"Ni ce," na ce. "A nan ajin suka ji. Ba wanda ya sani a gidajensu."

Ya juyo, bai ko yi mamaki ba. "Madalla, Ustaza. Zo mu je, 'yar magana ce."

Na ajiye guntun allin. Na ce wa Si Bushaib a aika wa mahaifiyata, kada a bar ta ta ji a bakin mutanen kasuwa. Bai iya ɗaga ido ba. Na kai ƙofa, na waiwaya. Hannuwan suna nan a sama, ba wanda ya ce musu su sauke. Wasu sun tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun saboda gajiya.

Lahsen ya miƙe, fuskarsa jiƙe. "Ustaza, ai hagu muka ɗaga. Wallahi hagu muka ɗaga!"

"Na gani, ɗana," na ce. "Kun yi daidai. Ku sauke hannuwanku."

Mutumin ya riƙe min ƙofa, na wuce gaba.