Ramin Gashin Nei Tebora

Duk tsibirin nan an san Nei Tebora ba ta sauraren hasashen yanayi. Ba wai ta fi kowa sanin teku ba ne. Maere da ke karanta shi a rediyo 'yar maƙwabciyarta ce, kuma tun yarinyar tana yawo da majina Tebora ta kama ta da kwakwar sata a cikin zani, yarinyar ta tsaya tsaf ta rantse wai iska ce ta jefo mata.

To, ga jikan Tebora ya cika shekara, bikin da ake auna mace da shi. Surukai sun taso a kwalekwale daga wancan tsibirin, mutanen da ko gishiri ya yi kaɗan sai sun kai labari gida. Da safe Tebora ta sa aka haƙa ramin gashin abinci a kwarin bayan gida, dab da garken aladun mijinta Tekaie. Aka zuba duwatsu masu zafi, aka jera kifi da nama da gwaza a cikin ganye, aka rufe.

Sai ga muryar Maere a rediyon Tekaie: teku zai cika fiye da kima da yamma, ga iskar yamma tana turo shi. Masu gashi a kwari su matsa gefen hanya.

"Uwar yara, kin ji fa," in ji Tekaie.

"Na ji. Da ni take, munafuka! Uwarta ce ta leƙo ta katanga ta kai mata. Ɓarauniyar kwakwa ce za ta nuna mini inda zan yi rami?"

"Ai ba daga kanta take faɗa ba, na'ura suke dubawa."

"Kashe min abin nan, tsoho, ka je ka yi wanka. Kai da aladunka ban san wa ya fi wani ba."

Da yamma ruwa bai ma tsaya bi ta gaɓa ba. Ta ƙasa ya ɓuɓɓugo, ya cika garken, ya kwaso duk abin da aladu suka tara tun bara, ya gangaro salin-alin cikin ramin. Duwatsu suka yi cuuu. Tururin da ya tashi, har kare sai da ya bar gidan.

Tebora ta ɗaga ganye ɗaya da sanda, ta ga kifinta kwance cikin wani romo kore, ga ɓawon kwakwa da gashin jikin alade suna iyo.

"In aka ɗauraye na saman nan..." Tekaie ya fara.

"Tir! Ka ƙarasa maganar nan in tura ka ciki."

Surukai na zaune a zauren taro, an yi addu'a, an yi waƙa, an sake yin waƙa. Uwar surukan sai shanshana iska take tana tambaya ko wani abu ne ya mutu.

Can sai ga uwar Maere da 'yan'uwanta ɗauke da kwanduna. Ita tun safe ta yi nata gashin a gefen hanya, har da ƙari.

"Yaya Tebora, ga ɗan abin da ya samu," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Iska ce ta jefo mana."

Surukai suka ci suka siɗe hannu, suna yabon girkin maƙwabciya. Tebora ko loma ba ta kai baki ba. Wai warin ne ya hana ta. Ni dai ina kusa da ita, kuma zuwa lokacin ba a jin warin komai a zauren.