Benci Biyu a Gaban Ɗakin Kakanni

"Katako ne, Eruera. Katako kawai. Ni na sayo fentin da aka shafa masa."

"Ko ke kika shuka itacen, mace ba ta zama a kan bencin nan."

"Wa ya ce zama za ta yi? Fim ne. Za ta yi kamar ta zauna."

"Da me za ta yi kamar ta zaunan, Yaya? Ba da mazaunanta ba?"

Hariata ta jefa dankalin da ta fere cikin bokiti, ruwa ya fantsamo masa a wando. Bai goge ba. Shekararta saba'in da takwas, ta girme shi da huɗu, kuma tun suna yara haka take rufe magana.

A kicin ɗin bayan ɗakin kakanni suke, wato zauren taron ƙauyensu na ƙabilar Maori. Abin da ya haɗa su kuwa 'yan fim ne, da za su zo daga Wellington ranar Talata. Fim ɗinsu a kan wata mace ne da ta riƙe ƙauyenta bayan maza sun watse. Suka nemi wadda harshen Maori ya zauna a bakinta, suka samu Ripeka, 'yar Eruera, mai tuƙa motar 'yan makaranta. A wani wuri cikin fim ɗin za ta tashi daga bencin masu magana ta karɓi baƙi da jawabi.

Bencin nan na maza ne. Mata ke kiran baƙi su shigo fili, su ke waƙa, su ke ciyar da kowa. Tsayuwa a yi jawabi kuwa, sai namiji. A da mutum takwas ke zama a kai, har a matsu. Huɗu suna kwance a kaburbura bayan coci. Uku suna Ostareliya wajen haƙar ma'adinai. Ɗan Eruera ma can ya bi su, kuma abin da ya rage masa na harshen bai wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Yanzu Eruera kaɗai ke zama, a tsakiya, ya ajiye hularsa a gefe don ta rage fili.

Kafintan 'yan fim ne ya raba gardamar, wani shiru-shiru mai suna Paora da ya riga sauran zuwa. Ya auna bencin, ya ƙera irinsa, ya shafa fenti iri ɗaya, har ya kankare gefe don ya nuna tsufa. Eruera ya sa aka ajiye shi taku uku gaban na gaskiya. Da ƙafarsa ya auna.

"Wannan ba benci ba ne," ya ce.

"To mene ne?" in ji Hariata.

"Kayan fim."

"Allah ya ƙara basira."

Ba a kafa kyamara a fili sai an karɓi baƙi yadda ake yi. Ran Talata 'yan fim suka tsaya a ƙofa su ashirin cikin baƙaƙen kaya. Hariata ta ɗaga murya ta kira su, suka shigo a hankali, suka zauna. Eruera ya miƙe da sandarsa mai sassaƙa. Ya gai da matattu. Ya gai da dutsen ƙauyensu, ya gai da koginsu. Ya shiga jera kakanni, suna bayan suna, daga wanda ya sauko daga kwalekwalen farko da ya kawo mutanensu ƙasar har zuwa kansa, mutum ashirin da uku. Shekara arba'in yana yi.

A na tara ya tsaya. Sunan ba ya nan. Ba wai yana baki ya ƙi fitowa ba ne. Wurin ne ya zama giɓi, kamar inda aka cire haƙori.

Ya taka hagu, ya buga sanda a ƙasa, ya dawo dama. Masu jawabi kan yi haka, don haka baƙin suka gyaɗa kai. Ya maimaita na takwas da ƙarfi ko zai jawo na bayansa. Bai jawo ba. A layin mata ya ji numfashin Ripeka. Ya san ta san sunan, tun tana shekara shida take zaune a bayansa tana ji. Ya kuma san ba za ta faɗa ba. Bai juya ba.

Sai Hariata ta miƙe ta ɗauki waƙa, sauran mata suka bi. Waƙa ce ke rufe jawabi. Da mata sun ɗauke ta, namiji ya gama, ko yana so ko ba ya so. Masu dogon surutu ake yi wa haka. Shi ba a taɓa yi masa ba. Ya tsaya ya rera tare da su har ƙarshe, ya zauna.

Da aka zo gaisuwa, ana haɗa hanci da hanci, daraktar fim ɗin ta riƙe hannunsa, idonta ya cika da hawaye. Ta kira shi Koro, yadda ake kiran dattijo.

"Koro, shirun nan da ka yi a tsakiya, har tsigar jikina ta tashi."

"Haka ake yi," ya ce.

A kicin Hariata ta turo masa kofin shayi ba ta dube shi ba.

"Kin yanke ni gaban baƙi."

"Naman da muke gasawa a rami ya kusa ƙonewa."

"Yaya."

"Sha shayinka."

Washegari aka ɗauki wurin jawabin. Eruera ya zauna a bencinsa. Mai kyamara ya roƙe shi ya matsa, wai yana fitowa a hoto. Ya ce bencinsa ne. Aka matsa da kyamarar.

Ripeka ta zo cikin mayafin gashin tsuntsu na aro, ta zauna a kan kayan fim, ta miƙe. A takardar da aka ba ta sunayen ƙirƙira ne da wani ya rubuta a birni. Ba su ta faɗa ba. Na gaskiya ta jera, 'yan fim kuwa ba su san bambanci ba. Eruera yana bi da babban yatsa a jikin sanda. Da ta zo na tara ta ɗan ja baki, ta ƙara murya, ba ta waiwayo ba.

Te Ahuru. Shi ne sunan da ya ɓace masa.

Sau bakwai aka maimaita. Sau ɗaya kare ya shigo, sau biyu ruwa ya sauko, sau ɗaya motar madara ta wuce, sauran kuma darakta ce kawai ba ta ƙoshi ba. Duk bakwai ɗin Ripeka ba ta yi tuntuɓe ba, kuma duk bakwai ɗin ta ja baki a wuri guda.

Da aka tashi ta zo tana cire mayafin.

"Yaya ka gani, Baba?"

"Kina ɗaga sandar da yawa. Ba kifi kike soka ba."

"Sai kuma?"

"Sai kuma ba komai. Fim ne."

"To," ta ce, ta tafi ɗauko 'yan makaranta.

Ranar Alhamis da rana aka bugo waya daga Auckland. Matiu, ɗan kawun Eruera da Hariata, ya rasu, za a kawo gawarsa gida ranar Asabar. Bas uku na masu makoki za su rako ta, in ji su. Waɗannan ba 'yan fim ba ne. Akwai tsofaffi a ciki da suka san ashirin da ukun nan kamar sunayen 'ya'yansu, kuma kwana uku za a yi ana karɓar masu makoki rukuni-rukuni, kowane rukuni da jawabinsa. Eruera ya shiga ɗakin kakanni shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya gwada. Na tara ya zo. Na sha huɗu bai zo ba. Kuma babu wani namijin da zai miƙe a madadinsa.

Ran Juma'a 'yan fim suka naɗe wayoyinsu, suka loda motoci. Hariata da Ripeka suna baranda suna kakkaɓe katifun da baƙi za su kwana a kai. Eruera yana bencinsa. Paora kafinta ya zo da guduma a hannu ya tsaya gaban ɗayan bencin, na fim. Ya dubi motar, ta cika maƙil. Ya yi tambayarsa. Eruera yana kallon teku, Hariata ta ci gaba da bugun katifa, Ripeka tana riƙe da ɗayan gefen. Paora ya ɗauka ba a ji shi ba, ya ɗaga murya.

"Koro, na ce wannan fa? In farfasa shi a hura wuta, ko in bar muku?"