Ƙarfen da Ya Rage a Allon Iwabuchi

Shekara ashirin da shida ni ke wasa wa ƙungiyarmu bakin allunan zamiya a kan ƙanƙara, ni ke kuma shirya tafiyar watan Janairu. Sunana Shimazaki Teruo. Ba wanda ya zaɓe ni. Ina da shagon walda da magagari, ina da motar da ke cin mutum takwas, shi ke nan aiki ya faɗo kaina.

Wasanmu ba irin na yaran yanzu ba ne, masu tsalle-tsalle da wando kamar buhu. Allonmu dogo ne siriri, takalminmu mai tauri. Kwantar da allon ake yi a kan gefensa, ƙarfen bakin ya kama ƙanƙara ya yanka ta, ka bar tsaga guda a bayanka. Wanda ya iya, tsagarsa kamar an ja da wuƙa. Wanda bai iya ba sai ya riƙa share ƙanƙara kamar mai gyaran tsakar gida, kuma kowa na kallonsa daga kujerar da waya ke ja ta kai mu saman tudu. Da mu goma sha huɗu ne. Aure ya ɗauke wasu, gwiwa ta ɗauke wasu, biyu sun mutu. Muka rage huɗu: ni, da Kuramochi direban bas, da Fumie mai kantin magani, da Iwabuchi wanda ya koya mana duka.

Iwabuchi ya ba saba'in baya da uku. Allonsa ja ne, wani makeri a Nagano ya yi masa, kuma makerin ya daɗe da mutuwa. Tun muna da yawa yake faɗa cewa ranar da ƙarfen allon nan ya ƙare zai bar wasan, ba zai sayi wani ba. Kowa ya san ba ya magana biyu. Kowa kuma ya san duk wasawa tana cin ƙarfe.

A farkon Disamba matarsa Hatsue ta shigo shagona da rana, allon a nannaɗe cikin tsohon bargo, da kwalbar ganye mai tsami a ɗaya hannun. Ta ajiye kwalbar a kan tebur, ta gyara mata zama har sau biyu.

"Shimazaki-san, wasawa nawa ta rage a ƙarfen nan?"

Na shafa da babban yatsa. "Ɗaya. In an bi a hankali."

"To ka yi biyu."

Na dube ta.

"Kar ka kalle ni haka. Bara kana wurin ya zame har cikin ragar gefen tudu. Haƙarƙari biyu. Wata guda ni ke ɗaga shi daga shimfiɗa, ni da bayana ma ba lafiya gare shi ba. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa ce masa ya bari ba. Amma maganar bakinsa yana jin ta. Ka ɗan danna hannu, ka ce ƙarfe ya ƙare. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai!" ta ce. "Ku duka huɗun kanku ɗaya, kamar dutse. Ganyen dai ka ci, ba don wannan na kawo ba."

Don wannan ta kawo. Ta fita ta bar ni da allon.

Abin da Hatsue ba ta sani ba, ba kuma wanda ya sani, shi ne shekara shida ban ɗora magagari a kan allon nan ba. Tun da na ga ƙarfen ya yi siriri nake goga masa dutse kawai don ya yi ƙyalli, in zuba masa kaki in bi da dutsen guga, in miƙa wa mai shi in ce an wasa. Ba na son ranar da za mu tafi mu uku. Na kira abin tausayi. A ƙanƙara mai laushi allo dakusasshe yana tafiya, ba a ganewa sosai. Safiyar da ya faɗi kuwa ƙanƙarar ta daskare kamar gilashi, ina bayansa, na ga gefen allon ya nemi kamu ya rasa. Na san dalili tun kafin ya kai raga. Na ɗauke shi zuwa asibiti, na riƙe masa jaka, ban gaya masa dalilin ba.

Ni ne mutumin da ya kori yara uku daga ƙungiyar nan da baki, don na gaya musu tsagarsu shara ce. Akwai maƙwabtan da suka daina gaishe ni saboda gaskiya. Sai ga shi na yi wa malamina ƙarya shekara shida ina barci lafiya. Ƙaryar da mutum ya yi da sunan tausayi ita ta fi daɗewa, domin ba ta damun mai ita.

Ranar Lahadi muka haɗu da tsakar rana a shagon taliyar soba da ke bayan tasha, inda muke shirya tafiya kowace shekara. Na shimfiɗa taswira tsakanin kwanuka.

"Ni dai a kai ni inda ruwan zafin wanka yake kusa da ɗaki," in ji Kuramochi. "Bara sai da na taka ƙanƙara da silifa."

"Kura-chan, kai wasa kake zuwa ko jiƙa tumbi?" in ji Fumie. "Allonka ya fi ka shan wahala. In ka hau shi har kuka yake."

"Ke kuma da kike tsayawa duk kwana uku kina shan ƙwaya?"

"Ta gwiwa ce. Kai me za ka sha na tumbi?"

Iwabuchi bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan taswirar, a wani ɗan wuri da ninkin takarda ya kusa cinyewa.

"Kurumizawa har yanzu suna buɗewa?"

Wani ƙaramin tudu ne. Can muka fara zuwa, mu goma sha huɗu a mota biyu. Kujerar waya guda ce, mai tafiyar hawainiya. Tsohuwar da ke riƙe da masaukin wurin tana shanya mana safar hannu a kan murhun kananzir har ɗaki ya cika da wari, da asuba ta naɗe mana dunƙulen shinkafa a takarda mu cusa a ƙirji don kar ya daskare. A can Iwabuchi ya tsayar da mu a jere ya sauka shi kaɗai, muka ga hannunsa na shafar ƙanƙara a kwana.

"Suna buɗewa," na ce. "Tsohuwar ta rasu, 'yarta ke riƙe da gidan. Amma tudun ya yi mana sauƙi."

"Ya yi muku. Ni daidai ni ne yanzu. Ƙafata ta mutu, Teruo. Shekara biyar ko shida allon nan yana gudu daga ƙarƙashina. Ku yi haƙuri da tsoho, ku bar manyan tuddai sai badi."

Na ajiye tsinken cin abinci.

"Iwabuchi-san, ba ƙafarka ba ce. Allonka ba shi da kaifi. Shekara shida ban wasa shi ba. Dutse nake goga masa in ce maka na wasa, don kar ƙarfen ya ƙare. Faɗuwarka ta bara ni na jawo."

Fumie ta rufe baki da hannu. Kuramochi ya dubi rufin ɗaki. Iwabuchi ya ci gaba da cin taliyarsa, a hankali, har ya ɗaga kwano ya shanye romon. Sannan ya goge baki.

"Shekara shida."

"Shida."

"Ka san matakalar wurin bautar unguwarmu? Ɗari biyu da goma sha ɗaya ce. Kullum da safe ina hawanta sau biyu, ina zagin cinyoyina. Maƙwabta sun ɗauka tsoron mutuwa ne ya sa na kama ibada."

Dariya ta ƙwace wa Kuramochi, Fumie ta taka masa ƙafa.

"Ɗan banza," in ji Iwabuchi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ni na koya maka riƙon magagari. Wa ya ce maka ina son allo ya daɗe? So nake ya yanka."

Na sunkuyar da kai.

"Hatsue da kanta ta kai maka allon bana," ya ce. "Ta haɗa da ganye?"

"Ta haɗa."

"Ba ta ba mutum ganye haka nan. Me ta ce?"

"Ka tambaye ta."

Ya ɗan yi murmushi. "Wasa shi. Sau ɗaya, yadda ya kamata."

"In na wasa, abin da zai rage bai fi kaurin farce ba. Zai iya ɓallewa kana tsakiyar kwana."

"To ka shirya tafiyar da sanin haka. Aikinka ne."

Na shirya. Na zaɓi ranar Talata, lokacin da ba kowa. Na kira masu tudun na tambayi ƙarfe nawa katafila ke gama daidaita ƙanƙara, da ko har yanzu gangaren ƙasa ba itace a gefensa. Muka yarda shi zai riƙa fara sauka, Fumie ta tsaya a sama ta tare duk mai tahowa, ni in bi bayansa. Sannan na je gidansu na gaya wa Hatsue komai a bakin ƙofa, har da shekara shidan.

"Wato ni na roƙe ka ƙarya ɗaya ka ƙi, ashe kana da shida a ajiye."

"Haka ne."

"Motarka mutum nawa take ci?"

"Takwas."

"To ku ajiye mini gaba. Baya na sa ni amai."

Wasawar ta ɗauke ni yini guda. Aikin minti arba'in ne. Duk ja ɗaya sai na tsaya na duba da tabarau.

Safiyar Talata ta zo da sanyi mai cizo, sama garau. Katafila ta bar gangaren a tsefe, ba sawun kowa. Hatsue ta zauna a kan benci a ƙasa, bargo a gwiwa, butar shayi a gefe. Iwabuchi ya ɗaure takalmi, ya buga allon sau biyu, ya tafi.

Kwanar farko ya shige ta da tsoro, kamar mai taka gadar da bai yarda da ita ba. Ƙarfen ya kama. Na ji ƙarar daga inda nake, siririya, irin wadda na manta allon nan yana yi. A ta biyu ya kwantar da allon sosai. A ta uku hannunsa ya shafi ƙanƙara. Da muka hau kujera muka leƙa ƙasa, Kuramochi ya cire tabarau ya ce iska ce ke sa masa hawaye.

Sau huɗu ya sauka haka. A na biyar, wajen tsakiya, na ga allon ya yi wata girgiza a kwanar da ake danna dunduniya. Ya ji kafin ni. Ya miƙe tsaye, ya karkata allon, ya gangara a hankali yana share ƙanƙara kamar ɗan koyo har gaban bencin matarsa. Bai faɗi ba. Da na iso ya riga ya kwance allon daga ƙafarsa, yana duban ƙarfen da ya ɓalle kusa da ƙafar baya, tsawon yatsa, ya lanƙwashe waje.

"Ya ƙare?" in ji Hatsue.

"Ya ƙare."

Ta ɗaga kai ta dubi gangaren, ta daɗe. "Wannan ne abin da kuke barin mu a gida saboda shi? Layi?"

"Shi ne."

"Naka ya fi na mai tumbin nan kyau dai." Ta zuba masa shayi. Rabi ya zube.

Ya sha, ya juyo gare ni. "Teruo. Ƙafar ce ko ƙarfen? Kar ka goga mini dutse."

"Ƙarfen ya fi yawa. Amma kana jinkiri a kwanar da ake danna yatsun ƙafa, kuma a sauka ta huɗu gwiwarka ta baya ta fara miƙewa. Da shekara shida baya ne ba za ka yi haka ba."

"Na sani," ya ce. "So nake in ji ko za ka faɗa."

Ya aike mu mu koma sama, ya ce bai zo da mu don mu tsaya muna kallonsa yana shan shayi ba. Muka koma mu uku. Bai sake hawa allo ba daga ranar. Ko ya yafe mini shekarun nan shida, bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, don ban ga ina da bakin tambaya ba.