Namijin Dabino

Sista tana jera kwalaben gwaji a kan tire, tana duba ranar ƙarewar kowace, sai aka turo mata katin mutum na huɗu. Ta karanta sunan sau biyu.

Ba ta ajiye katin ba ƙofa ta buɗe. Gwaggo ce a gaba, yayar mahaifinta, da jaka a hammata. A bayanta Baffa, ƙanin mahaifinta, idanu sun kumbura, hanci ya saɓule saboda goga, ƙirji yana ɗan fito kamar an rufe kyanwa a ciki.

"Au, ashe ke ce a nan?" in ji Gwaggo.

"Ni ce, Gwaggo. Ina kwana? Baffa, ina kwana? Yaya jiki?"

"Jiki ga shi nan yadda kuka so shi," in ji Baffa. Ya zauna, ya yi wata doguwar hamma.

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Wata biyu bayan rasuwar, sai Baffa ya zo da takardu ya ce gidan na kakansu ne, Umma ta kwashe kayanta ta koma ɗaki biyu na haya a bayan wani gareji. Ranar da za ta fita ta tsaya a ƙarƙashin tagar ɗakin Baba, ta ɗaga kai ta ce, "Ranar da ya buɗe, mai ɗakin nan ba zai yi barci ba." Baffa ya ji, shi ne kuma ya tare a ɗakin. Da shekara ta zagayo, atishawa da hawaye da toshewar ƙirji suka kama shi, sai ya bi dangi gida gida yana maimaita maganar. Daga nan aka daina gaida Umma. Aka yi aure biyu a dangi ba a gaya mata ba. Wata matar ƙani ta gan ta a kasuwa ta janye ɗanta ta ɓoye shi a bayanta. Umma ta daina fita.

Maganar gidan, Sista ta haɗiye ta. Wannan ƙyamar ce ta kasa haɗiyewa.

"Bari in gaya miki tun yanzu, 'yar nan," in ji Gwaggo tana gyara zama. "Ni na matsa masa ya zo. Idan asibiti suka ga ciwo, shi ke nan. Idan ba su ga komai ba, ranar Asabar dangi za su taru, uwarki ta zo ta faɗi abin da ta yi masa a gaban kowa."

Likita ta leƙo daga ɗakin gefe, doguwar mata mai gilashi. Da ta ji dangantakar sai ta dubi Sista. "Abokiyar aikinki tana hutu. Ke ki ɗiga, ni zan karanta."

Sista ta ɗauki takardar tambayoyi. "Baffa, an ce ka daina shan ƙwayar mura da ƙaiƙayi kwana bakwai kafin yau. Ka daina?"

"Ni yaro ne?"

"Kowa ake tambaya."

"Na daina."

Ta miƙa masa bututun auna numfashi ya hura. Lambar ta haye layi, amma da ƙyar. Ta ja tiren allurar ceto kusa da gwiwar hannunta kamar yadda take yi wa kowa, ta goge masa hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta rubuta ɗaya zuwa goma sha biyu da biro a kan fatar. Kowace lamba ɗigo guda, kowane ɗigo tsinken ƙarfe sabo, ɗan tsikari kaɗan wanda ko jini ba ya fitarwa.

Gwaggo ta miƙo wuya. "Wai wannan ruwan mene ne?"

"Ruwan garin fure ne, Gwaggo. Na ciyawa, na masara, na itatuwa. A masana'anta ake tace shi, a auna ƙarfinsa. Wanda jikinsa ba ya so, wurin zai tashi kamar cizon sauro."

"Fure? Ƙato kamar wannan fure zai kayar?"

Sista ta ɗiga na tara. Na dabino ne. Ta daɗe da sanin abin da ke tsaye a bakin tagar nan, amma wa zai saurari 'yar mayya? Kuma in za ta faɗi gaskiya, duk lokacin da aka ce mata Baffa ya kwana a zaune yana neman iska, abincinta ya fi yi mata daɗi.

Ta saita agogo minti goma sha biyar. Aka kira Likita zuwa wani ɗakin. Kafin minti biyar Baffa ya fara gyangyaɗi, baki a buɗe.

Agogo ya yi ƙara. Hannun Baffa sumul, babu ko ɗigon ja.

Ya buɗe ido ya duba, murmushi ya bazu a fuskarsa. "Kin gani, Yaya? Na gaya muku ciwon nan ba na asibiti ba ne."

"Gwajin bai yi ba," in ji Sista. "Na biyun nan ɗigon shaida ne. Kowa aka ɗiga wa sai ya tashi. Tunda bai tashi ba, ya sha ƙwaya."

"Ji ta! Uwa ta ɗaure ni, 'ya tana ƙaryata ni."

"Ke, a daina," in ji Gwaggo. "Ni abin da idona ya gani na sani. Ga hannu nan lafiya lau." Ta zuge jaka ta fara laluben waya.

Sista ta shige bayan labule, inda firji yake. Ta buɗe shi, sanyi ya bugi fuskarta. A layin ƙasa kwalaben allurar rigakafi suke, waɗanda ake yi wa masu zuwa duk mako don jikinsu ya saba da furen a hankali. Mai koren murfi ita ce ta farawa, an sirka ta har ta kusa zama ruwa. Mai jan murfi ita ce ta ƙarshe, ba a kai wa gare ta sai mutum ya yi watanni yana hawa mataki mataki. Ga ta dabino nan, da sunan wani malamin makaranta a jikinta.

Ta ɗauko ta. Ta yage ledar sirinji.

Wannan kam ƙwaya ba za ta tare ta ba. Idan ta shiga ƙarƙashin fata, Gwaggo za ta ga abin da take son gani da idonta. Zai kumbura, ya yi ja, ya yi ta susa kamar mai ƙazwa. Sai ta ce musu ƙarin gwaji ne; wa ya san bambancin kore da ja a cikinsu? Ta tuna Umma a bakin katifa, tana ninke kayan da ta ɗinka don auren da ba a gayyace ta ba. Ta so ta ga mutumin nan yana neman iska a gabanta, yana kallon tiren ceto, ita kuma ta ɗan tsaya tukuna kafin ta miƙa hannu. Ko da na ƙirga goma ne.

Hannunta ko rawa bai yi ba, abin da ya tsorata ta ke nan.

Ta san lambar da ya hura a bututu. Ta taɓa ganin maƙogwaro ya rufe a ɗakin nan, a kan abin da bai kai rabin wannan ba, leɓe ya koma shuɗi kafin a ƙirga ashirin. Ƙirji irin na Baffa ba lallai ya jira ta gama ƙirga goman ba. Idan kuwa ya faɗi a ƙarƙashin allurarta, an gama magana har abada: uwa ta fara, 'ya ta ƙarasa.

Ta ji muryar Gwaggo ta labule: "Ka gaya wa mutanen gidanku, Asabar ɗin tana nan..."

Sista ta mayar da kwalbar layinta, ta jefa sirinjin a akwatin allurai, ta rufe firji da gwiwa. Ta fito daidai da shigowar Likita.

Likita ta kama hannun Baffa, ta duba na biyu, ta dube shi ta saman gilashi. "Baba, yaushe ka sha ƙwaya?"

"Kun haɗa baki."

"Likita," in ji Sista, "Gwaggona ba ta yarda sai da abin da ta gani. In kin yarda, kuma in ta yarda, a ɗiga mata ɗigon shaida ita ma."

Gwaggo ta sauke waya daga kunne. Ba a taɓa ƙalubalantar ta ta ja da baya ba. Ta naɗe hannun riga. "Ɗiga. Amma kwalbar da kika ɗiga masa, ina kallo."

Likita ta yi mata tambayoyi biyu uku game da lafiyarta, sannan ta ɗiga mata da kanta. Ba a yi minti goma ba Gwaggo ta fara mutsu-mutsu.

"Kai! Wannan abu da ƙaiƙayi yake!"

"Kar ki sosa, Gwaggo."

Wurin ya tashi tim, fari a tsakiya, ja a gefe. Gwaggo ta jera hannunta kusa da na ƙaninta, ta dubi wannan ta dubi wancan. Sai kawai ta cusa hannu a aljihun gaban rigarsa, kamar yadda take yi masa yana ɗan shekara bakwai. Ta zaro katin ƙwaya, rami huɗu a buɗe.

"Don in samu barci ne kawai," in ji Baffa. "Wannan ai ba magani ba ne, ƙwaya ce."

"Tashi mu tafi, maƙaryacin banza. Gidanka zan tare, in ga mai ba ka ƙwaya."

Bayan kwana takwas suka dawo. Tun daga baranda ake jin atishawarsa. Likita ta ba shi abin shaƙa na ƙirji tun wancan zuwan, don haka lambar bututu ta yi kyau, amma hanci da ido sai hawaye. Gwaggo ta ajiye katin ƙwayar a kan tebur kamar wadda ta kamo ɓarawo.

Sista ta sake rubuta lambobinta, ta ɗiga, ta tsikara. Wannan karon ba wanda ya yi gyangyaɗi. Na biyu ya tashi. Sauran suka yi shiru. Na tara kuwa ya yi ta faɗi yana tsiro da ƙafafu, har ya cinye lambar takwas da ta goma. Baffa yana cije leɓe don son susa.

Sista ta tsaya tana kallon wurin. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Likita ta ɗora ma'auni. "Dabino ne. Akwai shi kusa da inda kake kwana?"

"Akwai wani a bakin taga," in ji Baffa. "Banza ne, ko 'ya'ya ba ya yi."

"Namiji ne, Baffa," in ji Sista. "Ba 'ya'ya ne aikinsa ba, gari ne. Baba yana yanke kwanson furen kafin ya buɗe, ya kai wa matan dabinon da ke bayan gida ya ɗaura musu. Shekara uku ba wanda ya yanke. Yana buɗewa ne a kan matashinka."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ranar da ya buɗe..." Ta juya ta dubi ƙaninta. "Kashedi baiwar Allah ta yi maka. Kashedi! Ka ɗauka ka zaga dangi da shi."

Baffa ya sunkuyar da kai, ya yi atishawa.

Likita ta yi masa bayani. Za a haɗa masa kwalabensa. Za a fara da mafi rauni, allura ɗaya duk mako na wasu watanni, sannan duk wata, shekara uku aƙalla. Bayan kowace allura zai zauna rabin awa a bencin bakin ƙofa, ko da gobara ake yi a gidansa. Ranar da ƙirji ya toshe, babu allura. Kuma dole a rage garin da yake shaƙa.

"Gobe zan sa a sare shi."

"Ka sare abin da ɗan'uwana ya shuka da hannunsa?" in ji Gwaggo. "Gidan bai ishe ka ba? Yanke furen za a yi, yadda marigayi yake yi."

"To wa ya san lokacin yankan?" in ji Baffa.

Sista tana goge masa biro daga hannu da auduga, a hankali, lamba bayan lamba.

"Baba hawa tsani kawai yake yi," ta ce. "Mai duba kwanson ta ce masa yau ne, mutum ɗaya ce. Tana bayan gareji."



"Taron Asabar da na ɗaga yana nan," in ji Gwaggo tana rataya jaka. "A ƙofar ɗakinta za a yi. Kai za ka fara magana."

Baffa ya miƙe yana sauke hannun riga. Ya buɗe baki kamar zai ce wa Sista wani abu, atishawa ta riga shi.

"Talata, ƙarfe tara, Baffa," ta ce. "Ka sa riga mai faɗin hannu."

Da suka fita ta ɗauko farar takardar manne, ta rubuta sunansa da kyakkyawan rubutu, ta ajiye don kwalba mai koren murfi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi kalandar bango, ta fara ƙirga Talatocin da zai zauna a bencin nan yana jiran ta ce masa ya tashi. Ba ta ga sun yi yawa ba.